Waiwaye: Daga Dankalin Imo zuwa Akwati Mai Ƙofa Biyu

A watan Satumban 1953, a tsibirin Koshima da ke kudancin Japan, Satsue Mito, wata malamar makaranta, ta ga 'yar biri mai wata 18 ta kai dankali rafi tana wanke masa yashi. Tun 1952 almajiran Kinji Imanishi, masanin halayyar dabbobi na Jami'ar Kyoto, suke zuba wa biran dankalin Hausa a gaɓar teku don su fito fili a san kowanne. Aka raɗa wa 'yar birin suna Imo, wato dankali da Japananci. Uwarta da abokan wasanta suka ɗauki ɗabi'ar, manyan maza kuwa ko oho. A 1956 ta ƙara wata dabara: ta watsa alkama mai yashi cikin ruwa, yashin ya nutse, ta kwashe ƙwayar da ta taso.

Masu binciken Japan sun ce biran koyi suke yi da juna. Shin koyi ne, ko kowa da kansa ya gano? A 1992 wani masani, Bennett Galef, ya nuna cewa wankin ya ɗauki shekaru kafin ya yaɗu, alhali abin da ake kwaikwayo ya kamata ya ƙara sauri yayin da masu yinsa ke ƙaruwa. Sukar tana da ƙarfi.

A 1999 wani masanin, Andrew Whiten, da abokan aikinsa suka haɗa bayanan biran cimfanzi daga wurare 7 a Afirka, suka ware ɗabi'u 39 da ake yi a wani daji ba a yi a wani, suka ɗauke su a matsayin alamar koyi. Matsalar ita ce muhalli yakan ɓoye hannunsa. A Bossou ta ƙasar Gini an gano a 2002 cewa tsawon tsinken da biri ke kamun kwarkwasa da shi ya danganta da zafin cizon irin kwarkwasar. Mai cizo sosai sai dogon tsinke.

Shi ya sa aka koma gwaji. Ana ƙera akwatin abinci mai buɗuwa ta hanya biyu, a koya wa dabba ɗaya ko biyu hanya guda a keɓe, a mayar da su cikin 'yan'uwansu, a kuma bar wani garke ba malami don kwatantawa. Wata mai bincike, Lucy Aplin, ta yi haka da ƙananan tsuntsaye a dajin Wytham kusa da Oxford: ƙofar na turuwa dama ko hagu, tsutsa na ciki. Sakamakon 2015 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 sun iya buɗewa cikin kwana 20, galibi ta ɓangaren da aka koya wa na farko. Da aka dawo da akwatunan a hunturun gaba, yawancin tsuntsayen sababbi ne, amma ɓangaren bai sauya ba.