Kada ku kwana da wuta a rufaffen ɗaki

Da zarar sanyi ya kankama, mun san irin marasa lafiyar da za a fara kawo mana da asuba. Miji da mata da yara a lokaci guda, kowa kansa na sara, wannan na amai, wancan jiri ya hana shi tsayuwa, jariri kuwa ya yi laushi ya ƙi kama nono. Sai a ce abin da aka ci ne, ko zazzaɓi. Da mun tambayi abin da aka kunna a ɗakin da daddare, sai gaskiya ta fito: sabon murhun itace, ko hitar kananzir, ko ta gas, ko kaskon gawayi. An kuma rufe ƙofa da taga ruf, har ƙasan ƙyaure an cusa tsumma.

Maigida yakan zauna yana cizon yatsa, yana cewa da ya sani da bai sayo abin nan ba. Wallahi ina tausaya masa, domin son iyalinsa ne ya sa ya kashe kuɗinsa, ba ya so yara su kwana suna makyarkyata. Amma ya sayo wuta, sannan ya toshe mata duk wata mafita.

Duk abin da ake ƙonawa, itace ne ko gawayi ko kananzir ko gas, yana fitar da iskar kabon monoksaid, musamman idan ɗakin ba ya samun iska. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin har sau 200 da ɗoriya. Wanda yake farke zai ji ciwon kai ya fita. Mai barci kuwa daga barcin sai suma.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan magana ta "ai hayaƙin ya ƙare, garwashi ne kawai." Haba jama'a! Garwashin nan da ya yi jajir babu hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har gari ya waye. Wasu kuma su ce sun saba, shekara da shekaru haka suke yi. An dai yi sa'a ne, wata ƙila tagar tsohon ɗakin tana da ɓula. Mai ciki da jariri da tsoho da mai ciwon zuciya ba su da wannan juriya. Na faɗa, zan sake faɗa: ba a kwana da wuta a rufaffen ɗaki.

Masu murhun itace, ku ma da sauranku. Ana sayen murhu mai kyau, sai a yi rowar kuɗin bututun hayaƙi, ko a ba wanda bai iya ba ya haɗa shi yana yoyo cikin gida. Wani murhun ya fi ƙarfin ɗakin, zafi ya yi yawa, sai a rufe masa hanyar iska ya kwana yana turnuƙewa. Ga ɗanyen itace, wanda hayaƙinsa ya fi ɗuminsa, yana tara baƙin datti a bututu har wata rana ya kama da wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000.

Don Allah:
- A kashe wutar ko a fitar da ita kafin barci, a ƙara bargo.
- Muddin tana ci, a bar taga a ɗan buɗe.
- Busasshen itace kawai, a share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara.
- Janareto ba ya shiga gida.
- Hitar lantarki ta yi nisan mita 1 da labule da katifa.
- Mai hali ya saka ƙararrawar da ke gano kabon monoksaid.

Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko madara, a kwantar da shi a gefensa. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya cewa da wuta aka kwana, domin oksijin ake buƙatar ba su cikin gaggawa.