Zamba da Shaidar Zama Ɗan Ƙasa: Abin da Sabon Ƙudiri a Amurka Ke Neman Sauyawa

A dokar Amurka ta yanzu, baƙon da kotu ta samu da laifin zambar da asararta ta haura dala 10,000 yana cikin masu manyan laifuka da ake kora daga ƙasar, ko da yana riƙe da katin zama na dindindin. Wanda ya riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa kuwa, ba a ƙwace masa shaidarsa sai gwamnati ta tabbatar wa kotu cewa ya same ta ba bisa ƙa'ida ba, ko ya ɓoye wani muhimmin abu lokacin da yake nema. A shari'ar Maslenjak ta 2017, Kotun Ƙoli ta ce sai ƙaryar ta taimaka masa wajen samun shaidar kafin a hukunta shi a kanta.

Ƙudirin da Sanata Eric Schmitt na jihar Missouri ya gabatar a farkon 2026, mai suna SCAM Act, yana neman matsar da wannan iyaka. Idan aka samu mutum da damfarar gwamnati dala 10,000 ko fiye cikin shekaru 10 bayan rantsuwarsa, za a ɗauka cewa tun farko bai cika sharaɗin kyawun hali ba, sai a soke shaidarsa. Wato laifin da ya aikata daga baya shi zai zama hujja a kan abin da ya gabata.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne badaƙalar ƙungiyar Feeding Our Future a jihar Minnesota, inda aka wawure kimanin dala miliyan 250 na ciyar da yara a zamanin annobar korona, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka gurfanar 'yan asalin Somaliya ne. Satar abincin yara ta cancanci hukunci mai tsanani, babu musu. Sai dai shugabar ƙungiyar, wadda ita ma aka samu da laifi a 2025, haifaffiyar Amurka ce, don haka wannan ƙudiri ba zai taɓa matsayinta ba. A nan damuwata take: laifi ɗaya, amma wanda ya shigo daga waje kaɗai zai rasa ƙasa bayan ya gama zaman kurkuku.

Ƙudiri ba ya zama doka sai majalisun biyu sun amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. Amma duk baƙon da ake tuhuma da zamba ya tambayi lauyansa makomar takardunsa kafin ya amsa laifi, domin tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauyoyi sanar da shi haɗarin kora.