Waiwaye: Jakara, daga Kurmin Baƙin Ruwa zuwa kwatar birni

Duk wanda ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi a yau, ya ga ruwa yana jan ledoji da ɓawon rake, da wuya ya yarda cewa wannan rafi ya girmi ganuwar Kano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Jakara tun zamanin Barbushe, lokacin da mazauna gindin Dala ke kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa, suna kai yanka can, suna kuma ɗaukar motsin itatuwansa a matsayin alamar wata masifa da ke tafe. A bakin wannan ruwa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar da har yau take ɗauke da sunan kurmin, ko da yake itatuwan sun daɗe da ƙarewa. Turawa matafiya, Clapperton a 1824 da Barth a 1851, duk sun tarar da Jakara fadama ce mai faɗi a tsakiyar birni.

Baƙin da ruwan ke da shi yanzu daga wani wuri dabam ya fito. Da gari ya cika, gidaje suka ci fadamar, aka cike kududdufan da ke shanye ruwan damina, aka juyo da kwatamin unguwanni da jinin mayanka cikin rafin. Can gaba kuma ya haɗu da rafin Getsi, mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, kafin su zube a madatsar ruwa ta Wasai da aka gina a shekarun 1970.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, rafin bai daina ciyar da birnin ba. Da rani, manoman lambu a wajen Kwakwaci suna kafa injin ban ruwa a bakinsa, su shayar da latas da kabeji da alayyafo, waɗanda washegari ake kasawa a kasuwa, alhali binciken masana ya sha nuna dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan da ƙasar. Manomin ba shi da wani ruwan, kuma dagwalon yana rage masa kuɗin taki.

A wa'adin Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe rafin da kankare a shimfiɗa titi a kansa, wanda jama'a ke kira titin Wuju-Wuju. Inda aka rufe, wari ya ragu, amma ruwan da ke fitowa ta ɗaya bakin shi ne dai wanda ya shiga.