Miyar Tumatir ta Kiriyol

Miyar Kiriyol miya ce ta tumatir wadda aka fi saninta da birnin New Orleans da kewayensa, a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka. Ana haɗa ta da tumatir da albasa da koren tattasai da seleri (wani ganye mai dogayen sanduna da ƙamshi) da tafarnuwa, a ƙara mata ganyen bey da tayim da ɗan jan barkono, sannan a zuba ta a kan dafaffiyar shinkafa, ko kuma a dafa jatan lande ko kifi ko kaza a cikinta. Ba a markaɗa kayanta, yanka su ake yi ƙanana, don haka idan ta nuna ana ganin gutsattsarin tattasai da na albasa a cikin jan ruwanta. Tana cikin miyar da ba ta cin lokaci, domin wanda kayansa suke a kusa zai iya sauke ta cikin minti 30 zuwa 40, muddin ya kiyaye wanda zai fara shiga tukunya da wanda zai biyo baya.

Asali

Kiriyol su ne mutanen da aka haifa a Luwiziyana tun zamanin mulkin mallaka, waɗanda tushensu ya haɗa da Faransawa da Sifaniyawa da 'yan Afirka da kuma mutanen ƙasar na asali. Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718 a ƙarƙashin jagorancin Jean-Baptiste Le Moyne de Bienville, kuma tun daga 1719 jiragen ruwa suka fara sauke bayi daga Afirka, akasarinsu a wancan zamani daga yankin kogin Senegal da na Gambiya, inda noman shinkafa ya daɗe da kafuwa. A 1762 Faransa ta miƙa yankin ga Sifaniya, ya koma hannun Faransa a 1800, sannan a 1803 Amurka ta saye shi a kan dala miliyan 15. Shekara shida bayan haka, wato a 1809, fiye da mutum 9,000 waɗanda juyin juya halin Haiti ya raba da gidajensu suka iso birnin daga Kuba, suka kusan ninka yawan mazaunansa. Kowace ƙungiya daga cikin waɗannan ta zo da nata salon girki, amma waɗanda suka tsaya a gaban murhu a manyan gidajen birnin galibi mata ne baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, kuma a hannunsu ne salon ya haɗu ya zama abu guda.

Shi kansa tumatir ɗan nahiyar Amurka ne. Danginsa na daji suna tsirowa a yammacin Amurka ta Kudu, an mai da shi amfanin gona a Meziko, Sifaniyawa kuma suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Dabarar soya albasa da tafarnuwa da tattasai a mai kafin a zuba tumatir sananniya ce a girkin Sifaniya da na tsibiran Karibiyan, ita ce kuma ƙashin bayan wannan miya. A ƙarshen ƙarni na 19 dubban mutanen tsibirin Sisili na Italiya suka yi ƙaura zuwa New Orleans, da yawansu suka shiga noman lambu da cinikin kayan miya, abin da ya ƙara wa tumatir gindin zama a girkin birnin. Littattafan girkin Kiriyol na farko sun fito a 1885, jaridar Picayune ta New Orleans kuma ta wallafa nata a 1900.

Kayan haɗi

Abin da ya bambanta miyar Kiriyol da sauran miyar tumatir shi ne haɗuwar albasa da seleri da koren tattasai. Masu girkin Luwiziyana, jihar da mabiya ɗarikar Katolika suke da yawa a kudancinta, suna yi wa waɗannan ukun laƙabi da aka aro daga aƙidar Triniti ta Kiristoci, wato ta Allah ɗaya cikin uku, kuma fitaccen kuku Paul Prudhomme yana cikin waɗanda suka yaɗa laƙabin a shekarun 1980. Tushen haɗin daga girkin Faransa yake, inda ake fara miya da albasa da karas da seleri, sai dai a Luwiziyana koren tattasai ya maye gurbin karas. Wannan sauyi ya fi yadda ake zato tasiri, domin karas zaƙi yake ƙarawa, shi kuwa koren tattasai yana kawo ɗan ɗaci-ɗaci da ƙamshin ɗanyen ganye wanda yake hana zaƙin albasa yin yawa. Wasu suna sa ukun daidai wa daida, wasu suna ninka albasa a kan sauran biyun. Wanda ya sa jan tattasai a madadin kore zai sami miya mai daɗi, amma ta kauce wa ɗanɗanon da aka san ta da shi. Inda seleri yake wahalar samu, ganyen fasli da 'yan sandunansa sukan cike wani ɓangare na gurbinsa, ko da yake ba su kai shi ƙamshi ba.

A lokacin zafi, musamman cikin watan Yuni, mutanen New Orleans suna alfahari da tumatirin da ake nomawa a gundumomin St. Bernard da Plaquemines, a kan ƙasar da kogin Misisipi ya jibge, wanda suke kira tumatirin Kiriyol. Ana barin sa ya nuna a jikin uwarsa kafin a tsinke, yana da ruwa da yawa, kuma kasuwar French Market tana yi masa biki duk shekara tun daga 1986. A sauran watanni kuwa akasarin masu girki suna amfani da tumatir ɓararre da aka adana guda-guda ko yankakke cikin gwangwani, wanda ya sha bamban da dunƙulallen tumatirin gwangwani mai kauri da ake ɗiba da cokali. Ga mai gaggawa na gwangwanin ya fi ɗanyen tumatirin da bai nuna sosai ba, saboda an riga an ɓare shi kuma an ɗan dafa shi. Idan ɗanye za a sa, ana tsaga gindinsa da wuƙa kaɗan, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 zuwa minti 1, a mayar da shi ruwan sanyi, sai bawon ya saɓule da kansa.

Yajin miyar matsakaici ne. Ana sa garin jan barkono kaɗan da masoro, sannan a ɗiga ruwan barkono na kwalba irin su Tabasco, wanda Edmund McIlhenny ya fara haɗawa a Avery Island da ke Luwiziyana a 1868, ko Crystal da ake yi tun 1923. Irin wannan ruwan barkono yana ɗauke da binega, don haka tsami yake ƙarawa tare da yaji. Yawancin masu girki suna ƙara ƙaramin cokali na Worcestershire, wani baƙin ruwan ɗanɗano na Ingila da ake yi da tsamiya da binega da ƙananan kifaye masu gishiri. A wasu gidaje da gidajen cin abinci na Luwiziyana ana fara soyawa da kitsen alade, ko a zuba ɗan giya bayan albasa ta yi laushi, amma ko ɗaya daga cikinsu ba sharaɗi ba ne, kuma bota ko man zaitun ko man gyaɗa da romon kaza suna wadatarwa. Musulmin da zai ci miyar a can yana da kyau ya tambayi abin da aka sa mata.

Yadda ake dafawa

Miyar mutum huɗu tana buƙatar mai ko bota babban cokali 2, albasa babba 1, koren tattasai 1, sandar seleri 2, tafarnuwa ƙwaya 3 ko 4, tumatir kimanin giram 800, dunƙulallen tumatir babban cokali 1, romo kofi 1, ganyen bey 2, busasshen tayim rabin ƙaramin cokali, da jan barkono kwatan ƙaramin cokali, sai gishiri. Ana yanka albasa da tattasai da seleri ƙanana kuma kusan girma ɗaya don su nuna tare. Tukunya mai faɗin baki ta fi mai zurfi, domin gwargwadon faɗinta gwargwadon saurin ƙonewar ruwan tumatir.

Ana ɗora mai a matsakaiciyar wuta, a zuba kayan lambun nan uku tare da ɗan gishiri, a riƙa juyawa na minti 8 zuwa 10. Wannan shi ne matakin da ba a taƙaita shi, kuma a nan mai gaggawa ya fi yin asara. Dalili kuwa shi ne tsamin tumatir yana hana kayan lambu yin laushi, saboda sinadarin da ke riƙe jikinsu ba ya narkewa da wuri a cikin ruwa mai tsami. Albasa da selerin da aka zuba wa tumatir tun suna da ƙarfi za su iya shafe rabin sa'a suna tafasa ba su daina ƙaras-ƙaras a baki ba. Alamar cewa sun isa ita ce albasa ta yi sheƙi har kusan a ga ƙasan tukunya ta cikinta, korayen tattasai su dushe daga kore shar zuwa kalar ganyen da ya fara yaushi, ƙarar soyuwa kuma ta sauya daga tsuwwar ruwa zuwa ta mai. Ba a son su yi ja sosai, laushi kawai ake nema.

Daga nan sai tafarnuwa da tayim da barkono su shiga, na minti 1 kacal, domin tafarnuwa tana saurin ƙonewa, idan kuwa ta ƙone ɗacinta ba ya fita daga miya. Sai a sa dunƙulallen tumatir a soya shi na minti 1 ko 2 har kalarsa ta ɗan yi duhu, wanda hakan yake kashe gafinsa kuma ya ba miyar zurfin ɗanɗanon da a da sai an daɗe ana dafawa ake samu. Sannan a juye tumatir da romo da ganyen bey, a kankare abin da ya kama a ƙasan tukunya da cokalin katako, a bari ta tafasa sau ɗaya, a rage wuta, a bar ta tana ɓararraka a hankali ba tare da murfi ba na kimanin minti 20. Ta yi daidai idan aka ja cokali a tsakiyar tukunya aka ga hanyar ta ɗan tsaya kafin miyar ta rufe ta. A ƙarshe ake sa Worcestershire da ruwan barkono, a ɗanɗana gishiri, a tsame ganyen bey, a watsa yankakken lawashi da fasli. Wasu suna jefa ɗan bota bayan an kashe wuta don ta yi santsi.

Idan tsami ya yi yawa, rabin ƙaramin cokali na sukari yana rufe shi a harshe ba tare da ya rage shi ba, ɗan bakin soda a kan yatsa kuwa yana rage shi ne da gaske kamar yadda kanwa take yi, amma da zarar ya wuce kima sai miyar ta yi lami. Ɗan tsami-tsamin nan yana cikin halinta, bai kamata a kore shi duka ba. Tukunyar alminiyam ko ta baƙin ƙarfe da ba ta sha mai sosai ba tana iya sa wa miyar tumatir ɗanɗanon ƙarfe, don haka an fi son ta farin ƙarfen da ba ya tsatsa (stainless steel) ko mai rufin tangaran.

Abin da ake ci da ita

Mafi shahara shi ne jatan lande a miyar Kiriyol, wanda ake ɗorawa a kan farar shinkafa. Ana zuba ɓararrun jatan landen ne a cikin minti 3 zuwa 5 na ƙarshe, da zarar sun yi ja-ja sun lanƙwashe sai a sauke, domin in suka wuce haka tauri suke yi. Masu tattali suna tafasa kawunansu da ɓawonsu na minti 15 su tace, su yi amfani da ruwan a matsayin romo. Kaza kuwa sai an fara soya ta sama-sama an tsame, a yi miyar a cikin man da ta bari, sannan a mayar da ita ta ƙarasa nuna. Ana kuma zuba miyar a kan wainar ƙwai da gasasshen kifi da taliya, wasu kuma sukan ƙara mata kuɓewa.

Danginta

Ana yawan haɗa girkin Kiriyol da na Kajun, alhali ba ɗaya ba ne. Kajun jikokin Faransawan Akadiya ne waɗanda Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun daga 1755, suka zauna a karkara da fadamun kudu maso yammacin Luwiziyana. Girkinsu ya fi dogara da fulawar da ake soyawa a mai har ta yi duhu, kuma ba su cika sa tumatir ba, shi ya sa dafa-dukar shinkafarsu da ake kira jambalaya take fitowa ruwan ƙasa, ta New Orleans kuwa ja. Inda suka haɗa soyayyar fulawa da tumatir da barkono mai yawa, miyar sunanta sos pikan, ana dafa ta tsawon sa'o'i da naman da ke buƙatar daɗewa a wuta kamar zomo da kunkuru da kada. Wasu masu girkin Kiriyol ma suna soya fulawa babban cokali 1 a farkon miyarsu don kauri, amma wadda ake yi cikin sauri ba ta buƙatar hakan.

Wanda ya saba da jar miyar da ake yi a ƙasar Hausa zai ga kamanni, amma bambancin a fili yake: a ƙasar Hausa ana markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu a soya su cikin mai mai yawa har man ya taso sama, a miyar Kiriyol kuwa man kaɗan ne, kayan lambu ake soyawa, tumatirin dafa shi ake yi.

Adanawa

Miyar tana ƙara daɗi idan ta kwana, domin ƙamshin tayim da ganyen bey yana ratsa ta. Ba a barin ta a waje fiye da sa'a 2 bayan an sauke, ko sa'a 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. A firji mai sanyin digiri 4 tana yin kwana 3 zuwa 4, idan kuwa aka daskarar da ita tana kaiwa wata 3 ba tare da ɗanɗanonta ya sauya sosai ba. An fi son a adana ta zallanta, a zuba jatan lande ko kifi ranar da za a ci. Adana ta a kwalba a kan kanta ta hanyar tafasa kwalbar a ruwa kawai yana da haɗari, saboda albasa da tattasai da seleri suna rage tsamin tumatir, kuma abincin da ma'aunin tsaminsa na pH ya haura 4.6, wato tsaminsa ya yi ƙasa, yana iya zama mazaunin ƙwayar cutar da ke haifar da guba mai shanye jiki. Irin wannan miya sai da tukunyar matsin tururi ta musamman ake adana ta a kwalba.