Nisa, gudu da lokaci: yaya ake haɗa ikweshan ɗinsu?

Wai me ake nufi in an ce gudu ba ya canzawa?

Ana nufin kowace awa nisan da ake ci iri ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Mota mai gudun kilomita 60 a awa, bayan awa 1 ta ci 60, awa 2 ta ci 120, awa 3 ta ci 180, haka dai. Shi ne aka dunƙule a d = vt, wato d nisa, v gudu, t lokaci, ma'ana nisa shi ne gudu sau lokaci. In ka zana shi a giraf layi ne miƙaƙƙe sak, kuma iya yawan gudun iya yadda layin zai miƙe sama.

To in ba daga sifili aka fara ba fa?

Sai ka ɗora abin da aka riga aka ci. In motar ta yi kilomita 40 kafin ka fara duba agogo, d = 40 + 60t kenan.

Wata mota ta tashi, wata ta biyo ta daga baya, yaushe za ta cim mata?

Wannan ita ce tambayar da na fi so wallahi, don a nan ne mutum yake ganin amfanin abin. A ce ta farko tana gudun 60, bayan awa 1 ta biyu ta tashi da 80. In t shi ne lokacin ta biyu to ta farko ta yi t + 1 a hanya, kuma lokacin da za su haɗu ai a waje ɗaya suke, nisansu ɗaya, don haka 80t = 60(t + 1), ka buɗe baka biyun ka samu 80t = 60t + 60, wato 20t = 60, t = 3. Gwada ka gani: 80 sau 3 240, 60 sau 4 shi ma 240. Kowace awa ta baya tana rage tazarar da kilomita 20 ne, tazarar kuma 60 ce tun farko.

Ina aka fi yin kuskure?

Wajen mintoci. Minti 90 awa 1.5 ne, ba 1.30 ba, don Allah a kula da wannan. Sai matsakaicin gudu: ka je da 60 ka dawo da 40, da yawa za su ce 50, alhali in hanyar kilomita 120 ce zuwa awa 2 dawowa awa 3, 240 raba 5 ya ba ka 48.

Amma ai babu motar da gudunta ba ya canzawa?

Gaskiya ne, akwai burki akwai cunkoso, shi ya sa ake aiki da matsakaici kuma amsar takan zo kusa. Haske kam a sararin samaniya gudunsa tsayayye ne, kusan kilomita 300,000 a sakan, rana kuma tana nesa da mu kamar kilomita miliyan 150, raba ka samu sakan 500, wato minti 8 da sakan 20 kafin haskenta ya iso.