Jirgin sama ba sa'ar rana ɗaya ba ce

Wai har yanzu wasu na cewa 'yan'uwan nan Wright, Wilbur da Orville, masu gyaran keke ne kawai da suka tashi wata safiya suka haɗa jirgi ya tashi. Wallahi ba haka abin yake ba. Tun 1899 suke fama, daga 1900 kuma suna barin shagonsu a birnin Dayton na Amurka su tafi ƙauyen Kitty Hawk saboda iskar bakin teku, kuma a 1901 jirginsu mara inji ya ƙi ɗaguwa yadda lissafi ya nuna, har Wilbur ya karaya sosai. Amma da suka koma gida sai suka ƙera akwatin hura iska suka gwada fukafukai kusan 200 ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na 1902 ya yi aiki. Injin jirgin 1903 ma a shagonsu makanikinsu Charlie Taylor ya haɗa shi.

Kuma fa suna sane da cewa Otto Lilienthal, wani mai gwajin jirage marasa inji, ya rasu a 1896 a irin wannan gwaji a Jamus, duk da haka ba su fasa ba. Ranar 17 ga Disamba 1903 Orville ya tashi daƙiƙa 12 kacal, kimanin mita 37.