Kuɗin gandun daji ba haraji ba ne

Masu sayen itace a tsaye a garuruwan Maiwurno da Singa na ƙasar Sudan, can bakin kogin Nilu inda bagaruwa ta yi yawa, sun daɗe da ɗaukar cewa da zarar sun biya jami'in gandun daji ya miƙo musu rasit, sun gama da gwamnati. Ba haka ba ne.

Abin da Hukumar Gandun Daji ta Sudan, wadda aka kafa a 1989, take karɓa kason mai dukiya ne. Daji na gwamnati ne, kai kuma ka ɗebi abin da ke cikinsa, don haka ake lissafa maka a kan buhun gawayi ko lodin itacen da ka fitar. Ko ka ci riba ko ka faɗi, sai ka biya. Haraji kuwa ribar cinikinka yake bi, kuma ofishinsa daban ne. Zakka ma a Sudan tana da nata ofishin gwamnati.

Inda aka fi ruɗewa shi ne wajen mai gona. Idan ka sayar wa ɗan kasuwa bishiyoyinka a tsaye, kuka yi ciniki ɗaya ya biya ka gaba ɗaya, wannan sayar da kaya ne. Idan kuma ka ba shi izinin sara, yana ba ka wani abu a kan kowane buhu, to kaso kake karɓa. Ni dai shawarata, a rubuta wanne aka yi tun kafin gatari ya taɓa itace, domin rasit na gandun daji ba ya nuna hakan.